Shanyewar Ɓarin Jiki a Ɗan Shekara 9: Abin da Ya Ɓuya a Gefen Hoton MRI

Wannan nazari na koyarwa ne. An gina shi a kan yadda cutar homosistinuriya, wata cutar gado da ke sa sinadarin homosistayin ya taru a jini, ta saba zuwa wa yara, don haka alƙaluman gwajin yaron na misali ne, irin waɗanda ake samu a jikin masu cutar. Shekaru da alƙaluman bincike da aka ambata kuwa na ainihi ne. Ana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar yaron da ɓarin jikinsa ya shanye don a amsa tambaya biyu: me ya faru, kuma me ya jawo. Sau da yawa da zarar an samu amsar ta farko sai hankali ya kwanta, a rufe hoton.

Yadda aka kawo shi

Da tsakar dare aka shigo da shi sashen gaggawa, bayan jijjiga ta kama shi sau biyu cikin awa guda. Mahaifiyarsa ta ce ƙafar dama ce ta fara karkarwa, abin ya hau hannu, sannan ya game jiki. Da ya farfaɗo, ƙafar ta ƙi ɗaguwa. Mako guda kafin nan ya yi gudawa da amai na kwana uku har idanunsa suka faɗa. Gudawar ta tsaya, ciwon kai ya maye gurbinta.

"Likita, in ya kwanta ne abin ya fi tsanani," in ji ta. "Da asuba kuma sai amai, ko bai sa komai a ciki ba."

Babu zazzaɓi, wuyansa bai sanƙare ba. Yana amsa kira amma barci na fizgarsa. Ƙafar dama ta fi hannun dama rauni nesa ba kusa ba, fuskar kuwa ba ta karkace ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna inda matsalar take: wurin da ke sarrafa ƙafa yana can saman ƙwaƙwalwa ne, dab da layin da ya raba ɓangaren dama da na hagu. Likitan da ke aiki a daren ya yi ƙoƙarin leƙa bayan ido da fitila don ya ga ko jijiyar gani ta kumbura, amma hoton ya ƙi tsayuwa. Ya rubuta cewa yaron bai ba da haɗin kai ba, kuma yana sa tabarau mai kauri.

Sauran abin da ke cikin takardar wannan dare layi biyu ne: dogo ne fiye da shekarunsa, siriri, ƙirjinsa ya ɗan lotsa, karatu na ba shi wuya, ya maimaita aji sau ɗaya. Ba wanda ya tsaya a kansu, kuma ba abin zargi ba ne, yaro na jijjiga.

Hoton farko

An yi CT ba tare da allurar rini ba. Abu biyu suka fito. A saman ɓangaren hagu, kusa da layin tsakiya, akwai ɗigo-ɗigon jini a ƙarƙashin ɓawon ƙwaƙwalwa, kumburi ya kewaye su, da wani ƙaramin kumburi a daidai wurin a ɓangaren dama. Na biyu, babbar magudanar da ke kwashe jini daga ƙwaƙwalwa, wadda ke bin tsakiyar kai daga goshi zuwa ƙeya, ta yi fari fiye da kima, a yankan baya ta fito kamar alwatika mai haske.

Farin magudana a CT yana yaudara. Yaron da ruwan jikinsa ya ƙafe jininsa kan yi kauri, kuma jini mai kauri yakan yi haske ko bai daskare ba. Abin da ke raba gardama shi ne kwatantawa: in kaurin jini ne, duk jijiyoyin kai za su yi haske tare, har da masu kai jini a gindin ƙwaƙwalwa. A nan magudanar ce kaɗai ta yi, ma'auninta ya haura 70 a sikelin Hounsfield, ma'aunin hasken hoton CT, alhali jijiyoyin gindi suna wajen 45. Jini ya daskare a ciki ke nan.

Hoton MRI, dalla-dalla

Washegari da safe aka yi MRI, kuma a nan ne aikin yake.

A hoton FLAIR, salon MRI da ke fito da kumburi fili, kumburin ya fi yadda CT ya nuna faɗi. Ya kama ɓawon ƙwaƙwalwa da farin sashen da ke ƙarƙashinsa, a gefe biyu na layin tsakiya, hagu ya fi. Muhimmin abin shi ne iyakarsa. Kowace jijiyar kai jini tana da yankin da take ciyarwa, kuma in ta toshe, ɓarnar takan tsaya cak a iyakar yankin, sau da yawa da siffar tsinin da faɗinsa ke waje. Wannan kumburi bai san iyaka ba. Ya fara a yankin jijiyar gaba, ya tsallaka cikin yankin jijiyar tsakiya, ya kuma bayyana a ɗaya ɓangaren. Babu jijiyar kai jini guda da za ta yi wannan. Toshewar jijiyar kai jini kamar a datse wa gona ruwa ne ta bushe. Toshewar magudana kuwa kamar kwata ce ta cushe, ruwa ya koma baya ya malala duk inda ya samu gangare. Shi ya sa ɓarnar magudana ke zuwa da kumburi mai yawa da tsattsafin jini, domin ƙananan jijiyoyi ne ke fashewa saboda matsi.

Hoton DWI da taswirar ADC sun ƙara bayani. DWI yana auna yadda ruwa ke motsi a cikin nama. Idan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sun rasa makamashi suka kumbura, ruwa ya maƙale a cikinsu, wurin yakan yi haske a DWI ya yi duhu a ADC. Idan kuwa ruwa ne ya tsiyayo daga jijiyoyi ya taru a tsakanin ƙwayoyin, ADC haske yake yi. A wannan yaro mafi yawan wurin haske ya yi a ADC, sai wani ɗan tsakiya da bai kai faɗin babban yatsa ba da ya yi duhu. Wannan labari ne mai daɗi a ɓoye: yawancin abin da ya firgita kowa a FLAIR ruwa ne da zai janye idan hanya ta buɗe. A ɓarnar magudana ma ko wurin da ya yi duhu a ADC wani lokaci yakan farfaɗo, saɓanin abin da aka saba gani a toshewar jijiyar kai jini.

Ita kanta magudanar ta nuna launi biyu, kuma a nan ne ake yawan tuntuɓe. Gudan jini yana sauya kama a MRI gwargwadon kwanakinsa. A kwanaki biyar na farko yakan yi duhu a salon hoton da ake kira T2, duhun da ya yi kama da na jini mai gudu lafiya lau, sai mai karanta hoto ya wuce shi. Daga wajen kwana na shida zuwa mako biyu, bayan sinadarin jan jinin ya rikiɗe, yakan yi haske a T2 da kuma wani salon da ake kira T1, a lokacin ko ɗalibi zai gan shi. A yaron nan, ɓangaren baya na magudanar ya yi haske a T1, na gaba ya yi duhu a T2. Ma'ana gudan ya fara ne daga baya tun lokacin gudawar, yana ta tsawo zuwa gaba har ya toshe bakin jijiyoyin da ke kwashe jini daga wurin sarrafa ƙafa. Ciwon kan kwana huɗu da jijjigar daren jiya, duk ga su a hoto guda. Hoton SWI, mai saurin kama duk abin da ke da ƙarfen jini, ya nuna biyu daga waɗannan jijiyoyi sun yi baƙi sun kumbura kamar igiya.

Da aka yi allurar rini, bangon magudanar ya ɗauki haske, cikinta ya zauna duhu: alwatika mai fanko, alamar da aka fara bayyanawa a hoton CT a 1978. Gudan ya gangara har cikin magudanar gicciye ta dama. Ta hagu kuwa siririya ce tun asali. Wannan ba cuta ba ce, mutane da yawa haka aka halicce su, kuma ana gane ta da cewa ramin ƙashin da take bi shi ma ƙarami ne. Amma ga wannan yaro tana nufin babbar hanyar fitar jini ta rufe, wadda ta rage kuma ƙarama ce.

Sai abubuwan da ba a gani ba. Hoton jijiyoyin kai jini na wuya da na gindin ƙwaƙwalwa lafiya lau: babu tsukewa, babu tsagewar bango, babu tarin ƙananan jijiyoyi irin na cutar moyamoya. Ƙashin bayan kunne da kogunan hanci a wanke suke, wato ba ciwon kunne ba ne ya ci har magudana, wanda yana cikin sanannun dalilai a yara. Curarrun ƙwayoyin da ke can tsakiyar ƙwaƙwalwa ba su taɓu ba.

Rahoton ya fita daidai: daskarewar jini a magudanar sama da ta gicciye ta dama, da ɓarnar nama mai tsattsafin jini. Dalili: mai yiwuwa ƙafewar ruwan jiki.

Maganin gaggawa

An ɗaura masa ruwa, an ba shi maganin jijjiga, an ɗaga kan gadonsa. Sai batun heparin, maganin tsinka jini. Mahaifinsa ya tare likitan a bakin ɗaki: "Likita, kun ce jini ya zuba a kansa, yanzu kuma za ku ba shi maganin tsinka jini?"

"Malam, tambayarka tana kan hanya," in ji likitan. "Amma toshewar ce ta sa jinin ya zuba. Muddin hanyar tana rufe, matsin ƙaruwa zai yi."

Haka ƙa'idar take. Tsattsafin jinin da toshewar magudana ta haifar ba ya hana ba da heparin, sai dai a sa ido, a sake hoto cikin mako guda ko da zarar yaro ya canza. An fara masa allurar heparin ta ƙarƙashin fata sau biyu a rana. A kwana na uku ya fara motsa yatsun ƙafa.

Karatu na biyu

Ƙafewar ruwan jiki dalili ne na gaskiya, amma a ganina bai kamata ya gamsar da kowa ba a yaro ɗan shekara 9. Rajistar da aka yi a Kanada, wadda aka buga sakamakonta a 2001, ta samu toshewar magudanar ƙwaƙwalwa a yara 0.67 cikin 100,000 a shekara, kuma kaso mai tsoka na waɗannan jarirai ne sababbin haihuwa. Yaran da ke gudawa ba su ƙirguwa. In gudawar kwana uku ta daskarar da jinin babban yaro tun daga ƙeya har goshi, to akwai abin da ta tarar a jikin.

Babbar likitar hoto ta sake buɗe hotunan a rana ta biyu, ba don tana zargin kuskure ba, al'adarta ce ta bi yankan tun daga na ƙasa. A yankan T2 da ya ratsa idanu, ruwan cikin ido fari yake fitowa, madubin ido kuma baƙi, mai siffar ƙwayar da ta kumbura gaba da baya, zaune daidai a bayan baƙin ido. Na hagun yaron ba ya wurinsa. Ya karkace, ya zame ƙasa da wajen hanci. Na dama ma ya ɗan goce. Ta koma hoton CT na daren farko, ga shi nan a yanka na biyu daga ƙasa, fari tas, a karkace.

Ta kira likitan yaran. "Yaron nan na gado na huɗu, dogo ne?"

"Dogo ne, ranki ya daɗe. Yaya aka yi?"

"Ku auna masa homosistayin yau."

Allura ta tono garma. Likitan ido ya tabbatar: madubin idanu biyu sun goce, baƙin idon yana rawa idan yaron ya juya ido, zaruruwan da ke riƙe da madubin sun tsintsinke, jijiyar gani kuma a kumbure. Dalilin da ya sa hoton bayan ido ya ƙi tsayuwa a daren farko ke nan. Uwar ta ce tun yana shekara 5 ake canza masa tabarau, kowace shekara sai an ƙara ƙarfi. Da aka auna faɗin hannuwansa a miƙe, ya fi tsayinsa. Hoton ƙashin baya ya nuna ƙasusuwan sun yi shara-shara, wasu sun lotsa sama da ƙasa.

Dogon yaro mai dogayen yatsu da gocewar madubin ido, kowa cutar Marfan, wata cutar gado mai irin wannan kama, zai fara kawowa. Amma a Marfan madubin ya fi gocewa sama da waje, zaruruwan miƙewa suke yi ba tsinkewa ba, gaɓoɓi sukan yi sako-sako, kaifin ƙwaƙwalwa ba ya taɓuwa, kuma jini ba ya daskarewa haka kawai. Alkiblar madubin ita kaɗai ba hujja ba ce, yana iya gocewa ko'ina a cututtukan biyu. Haɗuwarsa da daskarewar jini da wahalar karatu ita ce ta nuna hanya.

Gwajin jini da abin da yake nufi

Akwai ƙa'ida wajen ɗibar jinin: a sa shi a ƙanƙara, a raba ruwan da ƙwayoyin cikin awa guda, domin jajayen ƙwayoyin jini suna ci gaba da fitar da homosistayin a cikin kwalba. Jimillar homosistayin ta fito maikromol 214 a lita. Mai lafiya ba ya wuce 15. Metiyonin, wani amino asid da jiki ke samu daga abinci, 480, alhali ba ya wuce wajen 40. Sistin ya yi ƙasa. Bitamin B12 yana bakin iyaka, folet ya ɗan gaza, sinadarin metilmalonik daidai. Ba shi da sikila, ba shi da ƙarancin ƙarfen jini, ƙodarsa ba ta zubar da furotin. Gwajin furotin C da S da antitrombin, sinadaran da ke hana jini daskarewa, an ɗage shi, domin a tsakiyar daskarewa, ga heparin a jiki, sakamakonsu ba abin dogaro ba ne.

Metiyonin yana shiga jiki ne daga furotin ɗin abinci. Bayan jiki ya yi amfani da shi sai ya koma homosistayin, wanda ke da mafita biyu. Ko dai a mayar da shi metiyonin, da taimakon B12 da folet, ko da betayin a cikin hanta. Ko kuma enzayim ɗin CBS, wanda ke aiki da bitamin B6, ya haɗa shi da serin ya tura shi hanyar zama sistin. Idan CBS ya gaza, homosistayin ya taru, wani ya koma baya, metiyonin ma ya taru. Idan kuwa hanyar komawa ce ta lalace, kamar a ƙarancin MTHFR mai tsanani ko cutar cblC, homosistayin zai hau amma metiyonin zai sauka ko ya tsaya daidai. Wannan bambanci ba na ado ba ne. Mai ƙarancin CBS ana rage masa metiyonin a abinci. A yi wa ɗayan haka, an ƙara masa ciwo. Gwajin ƙwayoyin gado ya tabbatar da lahani a kwafi biyu na CBS, wanda ke kan kuromosom na 21. Iyayen sun ce babu dangantakar jini a tsakaninsu, kuma hakan bai kore komai ba: kowannensu yana ɗauke da kwafi ɗaya bai sani ba, kuma kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu.

Homosistayin mai yawa yana lahanta shimfiɗar cikin jijiyoyi, yana raunana kariyar da jiki ke da ita daga daskarewa, yana kuma shiga tsakanin maɗauran da ke riƙe da furotin ɗin fibrilin, wanda da shi aka yi zaruruwan madubin ido. Fibrilin ɗin nan shi ne ke da lahani a Marfan, dalilin kamar da cututtukan suka yi ke nan.

An gano cutar a 1962 a wuri biyu: Nina Carson da Desmond Neill a Ireland ta Arewa, da Gerritsen da Waisman a Wisconsin ta Amurka. A 1964 Harvey Mudd da abokan aikinsa suka nuna enzayim ɗin da ya gaza. A 1969 Kilmer McCully ya koma kan naman wani yaro ɗan shekara 8 da shanyewar jiki ta kashe a Boston tun 1933, wanda daga baya aka gane yana da cutar, ya ga jijiyoyinsa sun lalace kamar na tsoho, daga nan aka fara danganta homosistayin da ciwon jijiya. Binciken Mudd na 1985 a kan marasa lafiya 629 shi ne har yau ake komawa gare shi: ba tare da magani ba, kusan kashi ɗaya cikin huɗu sun gamu da daskarewar jini kafin shekara 16, rabi kafin shekara 30. A duniya ana ƙiyasta cutar a haihuwa ɗaya cikin 200,000 zuwa 335,000, a Ireland ɗaya cikin 65,000, a Katar kuwa ɗaya cikin 1,800.

Ga mai karanta hoto, yana da kyau ya san maƙwabtan wannan cuta. MELAS, wadda lahanin m.3243A>G na mitokondiriya, wato injinan makamashin ƙwayoyin jiki, ke haddasa kusan kashi 80 cikin 100 nata, ita ma tana yin ɓarnar da ba ta bin iyakar jijiya, amma ta fi son bayan ƙwaƙwalwa da gefenta, tana ƙaura daga wuri zuwa wuri, magudanai a buɗe suke, kuma gwajin sinadarai na MRI yakan nuna taruwar sinadarin laktet. Cutar metilmalonik takan ƙone curarrun ƙwayoyin tsakiya, dama da hagu daidai wa daida, lokacin da yaro ya faɗi ciwo. Homosistinuriya ta bambanta da su duka: ba guba ce ke cin naman kai tsaye ba, jijiya ce ke toshewa da gaske, ta kwashe jini ko ta kai jini. Saboda haka hoton ƙwaƙwalwar ba shi da wata alama tata ta kanta. Ido da ƙashi da tsayin yaro ne ke tona ta.

Maganin tushe

An gyara folet da B12, aka fara piridoksin, wato B6, miligiram 10 ga kowane kilo a rana. Ƙa'idar da masana suka fitar a 2017 ta ce a gwada shi mako shida, kada a wuce miligiram 500 a rana. In homosistayin ya sauka ƙasa da 50, yaro yana jin B6. In saukar ba ta kai kashi 20 cikin 100 ba, ba ya ji. Bayan mako biyu nasa yana 190. Likitocin ba su jira cikar mako shidan ba, kuma ina ganin sun kyauta: yaro da gudan jini a kai ba wurin cika ƙa'idar gwaji ba ne. Aka sa shi a abinci mai ƙarancin metiyonin, wato an taƙaita nama da kifi da ƙwai da madara ƙwarai, aka cike gurbin da garin amino asid na musamman da babu metiyonin a ciki, aka ƙara betayin miligiram 100 ga kowane kilo a rana, kashi biyu. Burin shi ne a riƙe homosistayin ƙasa da 100. Ba adadin mai lafiya ba ne, amma ya isa ya yi aiki: binciken da Sufin Yap da abokan aikinta suka buga a 2001, a kan marasa lafiya 158 da aka bi tsawon jimillar shekaru 2,822 na magani, ya samu aukuwar toshewar jijiya 17 a inda ake sa ran 112.

Ya bar asibiti bayan mako uku yana tafiya da ƙafarsa, yana ɗan jan ta dama.

Ciwon kai ya dawo

A wata na huɗu aka dawo da shi: ciwon kai, amai, kasala. Kowa ya ɗauka gudan ne ya sake. An yi MRI a ranar. Magudanar sama ta buɗe, sai ɗan kaushi a bangonta. Ta gicciye ma jini na wucewa. Tsohon wurin ya tsuke ya zama ƙaramin tabo mai baƙin gefe. Amma ga sabon abu: farin sashen ƙwaƙwalwa ya yi haske a T2 ko'ina, dama da hagu daidai, daga ƙarƙashin ɓawo har can ciki, yana haske a DWI yana duhu a ADC, ɓawon kuwa lafiya. Ramukan ruwan ƙwaƙwalwa sun matse.

Duhun ADC a nan ba mutuwar nama ba ne. Babu jijiyar da toshewarta za ta kama farin sashe duka ta bar ɓawo. Ruwa ne ya shiga tsakanin ninkin rufin zaruruwan jijiya ya maƙale. Metiyonin ɗinsa ya fito 1,300. Da aka zauna da uwar sai ta ce garin nan ya gundure shi, zubarwa yake yi a ɓoye, a makaranta kuma yana cin abincin abokansa. Betayin kuwa ba ya fashi, domin a gabanta yake sha. Betayin aikinsa mayar da homosistayin metiyonin. A haɗa shi da furotin ba ƙaidi, metiyonin ya yi sama. An san cewa in ya haura 1,000 ƙwaƙwalwa na iya kumbura, shi ya sa ake auna shi tare da homosistayin kowane zuwa. Wanda ya duba homosistayin kaɗai a wannan rana zai ce magani na tafiya daidai, domin 88 ne.

An dakatar da betayin, masaniyar abinci ta sake tsara cimarsa, ta canza masa garin da wani mai ɗanɗano dabam, ta kuma yi magana da shi kansa ba da uwarsa kaɗai ba. Ciwon kan ya tafi cikin kwanaki. Hoton da aka sake bayan wata biyu ya nuna farin sashen ya koma yadda yake. Daga baya aka mayar da betayin da rabin adadin farko.

'Yan uwansa, idonsa, da maganin tsinka jini

An auna ƙannensa biyu. Namijin lafiya. Macen, 'yar shekara 4, homosistayin ɗinta ya haura 150, madubin idanunta suna wurinsu tukuna, an fara mata magani. Ƙasashen da ke gwada jarirai, kamar Ireland da ta fara tun 1971, suna kama irin wannan tun makon farko, ko da yake gwajin metiyonin yakan tsallake masu jin B6. Wahalar karatun yayan ba ta warware ba, magani yana tsayar da ɓarna ne, ba ya mayar da abin da ya wuce. An nema masa taimako na musamman a aji.

Madubin idon hagu zai buƙaci tiyata. An ɗage ta har sai alƙaluman sun zauna, aka kuma rubuta sharuɗɗa a takardarsa: ƙarin ruwa tun kafin a hana shi ci, heparin na kariya, kuma kada a yi amfani da iskar naitiros wajen sa barci, domin tana kashe aikin B12 ta ɗaga homosistayin.

Kan tsawon maganin tsinka jini ne aka samu saɓani. Likitan jini ya ce wata uku zuwa shida ake yi wa yaron da dalilin daskarewarsa ya wuce, wannan kuwa dalilinsa na nan har abada, ga magudanar hagu siririya, ga shi ya riga ya nuna yana karya dokar abinci. Likitar da ke kula da cutar ta ce haɗarin yana bin adadin homosistayin ne ba sunan cutar ba, kuma yaro mai ƙashi shara-shara da ke guje-guje bai dace ya daɗe a kan heparin ba, wanda shi kansa yana rage ƙarfin ƙashi. Aka tsaya a tsakiya: a ci gaba har awo uku a jere, wata guda-guda, su fito ƙasa da 100 tare da metiyonin ƙasa da 1,000, sannan a koma asfirin kaɗan, duk ranar da gudawa ko amai ko zazzaɓi ya hana shi sha, a kawo shi asibiti a ranar a ɗaura ruwa. Awon ya fito 92, sannan 81, na uku kuwa 117, don haka aka ci gaba da allurar aka sake ƙirga daga farko.